Faci a Aikin Baba Mudu

Ba iyayensa ne suka sa masa Mudu ba, bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana da sauran ƙuruciya, in mace ta miƙo masa sarƙa ko ɗan kunne ta ce a gwada mata, sai ya juya abin sau biyu a tafin hannu, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya ce, "Zinarin nan karat sha takwas ne," ko kuma, "Wannan ashirin da ɗaya." In ta yi tababa ta ce ai ko dutse bai goga ba, sai ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Sannan ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, magana ta fito yadda ya faɗa. Ran nan wani maƙwabcinsa ya gaji da jin karin maganar, ya ce, "Kai dai naka idon mudun ne da kansa." Shi ke nan suna ya bi shi. Da furfura ta zo aka ƙara masa Baba a gaba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a layin masu gwal, in ya ware hannuwa yana taɓa bango biyu. Tebur ɗaya ne a ciki, da fata ɗaure a ƙarƙashinsa tana tare garin zinarin da ke zuba in yana aiki da magagari. A dama akwai ƙaramar uwar maƙera da yake bugu a kanta, da guduma uku, da hantsaki, da awartakin da yake ɗauko tukunyar narki daga wuta. A hagu sikeli ne cikin akwatin gilashi, don ko numfashi yana motsa shi. Sai baƙin dutsen gwaji da kwalaben ruwan gwaji huɗu, kowace da lambar karat ɗinta. Kujerar baƙi guda ce, ita ma ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, kuma shekara talatin yana cewa gobe zai gyara ta.

Bai gaji ƙira ba. Ubansa direban babbar mota ne, shi kuwa a shagon fenti ya fara neman na kansa. Mutum zai zo da ɓantaren bango a aljihu ya ce irin wannan yake so, saurayin ya yi ta ɗiga ja, ya ɗiga rawaya, ya motsa, har sai an shafa a gefen ɓantaren an rasa wanne ne tsoho. Wata rana wani tsohon maƙerin zinari ya zo neman fentin ƙofa, ya tsaya yana kallonsa har ya manta da abin da ya kawo shi. Da zai tafi ya ce, "Samari, kana ɓarnatar da ido a bango." Sati bai zagayo ba saurayin ya bar gwangwanin fenti ya bi shi.

Abin da ya kama shi a sabuwar sana'ar, kuma bai sake shi ba har tsufa, shi ne gano cewa zinari ba launi ɗaya ba ne. Shi da ya ɗauka rawaya ne kawai, kamar yadda kowa ya ɗauka. Maigidansa ya ɗora masa tsantsa a hannu, wanda ake kira karat ashirin da huɗu, ya ce ya danna masa farce. Ya danna, sai ga shaidar farce. Ashe zinari shi kaɗai rago ne, in aka yi zobe da shi kafin shekara ya lanƙwashe. Dole sai da gami. A raba shi kashi ashirin da huɗu, in kashi sha takwas zinari ne, shida gami, an sami karat sha takwas. To a cikin shidan nan duk labarin yake. A yawaita jan ƙarfe, zinari ya yi ja kamar an kunyata shi. A yawaita azurfa, ya koɗe, har ya ɗan ja zuwa kore. A zuba wasu fararen ƙarafa, ya zama farin gwal, wanda bai sani ba ya rantse azurfa ce. Zobba uku za ka jera, duk sha takwas, duk nauyi ɗaya, amma ka ce ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Daga nan ya kamu da ciwon kallo. A mota, a layin asibiti, a ɗakin jira na makarantar 'ya'yansa, duk inda zinari ya gilma sai idonsa ya bi, yana lissafin jan ƙarfe nawa aka zuba, azurfa nawa. Mai ɗakinsa ta sha zungurinsa da gwiwar hannu.

"Malam, matar mutane ce fa."

"Ba matar nake kallo ba, kunnen nake kallo."

"Shi kunnen a jikin wa yake?"

Duk da haka bai daina ba.

Masu ƙera sabo suna da yawa a layin, shi kuwa abin da ya yi suna da shi gyaran tsoho ne. Kayan kaka da kakanni da suka cinye ko suka karye, a kawo masa ya ƙara musu zinari. Nan ne ake sanin maƙeri, domin daidaita karat aikin sikeli ne, kowa zai iya, amma daidaita launi sai ido. Zai narka 'yar ƙwaya, ya buge ta, ya goge, ya kai bakin ƙofa da hantsi ya kara da tsohon. In ta koɗe ya ƙara ja, in ta yi ja ya ƙara fari. Yakan yi haka sau biyar, sau bakwai, bai taɓa tambayar kowa ko ya yi ba. Wa ma zai tambaya? Su ne ke zuwa tambayarsa.

In ya gama sai ya miƙa wa Gajere ta taga. Gajere shi ne mai wanki da goge na layin, shagonsa na jikin na Baba Mudu, kuma tare suka tsufa suna zagin juna. Bayan injin goge, Gajere yana da wani baho mai wayoyin lantarki da yake yi wa kaya shafe, wato ya lulluɓe su da ruwan gwal siriri, su fito suna walƙiya launi ɗaya. Baba Mudu ya tsani bahon nan tsana mai tsanani. Yana cewa shafe hoda ce, kwalliyar ƙarya, ran da ta goge asiri ya tonu.

"Wanki da goge kawai," haka yake faɗa duk ranar Allah in zai miƙa kaya. "Kada ka kusantar min da aiki bahon munafukan nan."

"Na ji, Sarkin Tsantsa," in ji Gajere. "Kai da ko shayinka rabi madara ne."

Ana haka wata malamar lissafi ta zo da warwaron mahaifiyarta. Doguwa ce, marar yawan magana, irin waɗanda in suna kallonka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Mahaifiyar ta rasu wata uku da suka wuce, warwaron kuwa shekara hamsin yana hannunta, ya sha turmi da bokiti har wuri ɗaya ya cinye ya karye. Baba Mudu ya juya shi, ransa ya yi fari. Tsohon zinari ne mai duhun ja, irin wanda ba a zubawa yanzu.

"Sha takwas ne, 'yata. Kin san ma'anarsa?"

"Uku bisa huɗu, Baba."

Ya yi dariya, ya ce yau ya gamu da gamonsa. Ya yanke wurin da ya cinye, kamar tsawon gaɓar yatsa, ya haɗa sabon zinari ya cike. Makon nan Gajere yana kwance da ciwon baya, shagonsa a rufe, don haka Baba Mudu ya wanke ya goge da kansa, ya naɗe a takarda ya ba ta.

Kwana biyu sai ga ta. Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna a kujerar nan mai rawa, ta warware takarda.

"Baba, ku yi haƙuri. Facin ya fito."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Faci! Ya ajiye magagari a hankali ya dube ta ta saman tabarau.

"Faci kika ce? Taya kika kawo min, ko tsohon wando?"

"Ban san sunansa a wurinku ba, Baba. Amma wurin da aka ƙara ya fi sauran haske. Daga nan zuwa nan." Ta sa farce ta nuna, kuma abin haushin, daidai wurin ta nuna.

Ya karɓa ya kai bakin ƙofa. Ya juya, ya sake juyawa. Launi ɗaya yake gani tun daga farko har ƙarshe, sumul, ko shi da ya yi aikin da ƙyar yake gane mahaɗin. Ya ce a ransa yarinyar nan ta dai tuna inda ya karye ne, baƙin cikin rashin uwa ke nuna mata abin da babu. Da ya faɗi haka a hankali da an rabu lafiya. Amma girman kai ya riga hankali zuwa bakinsa, ya leƙa waje ya kirawo mutanen layi.

Suka taru, har da Gajere da ya fito ranar yana dafe da ƙugu. Warwaro ya zaga hannu shida. Wannan ya yi gyaran murya, wancan ya ce hasken yau ba shi da kyau, wani ya ce, "Ai aikin Baba ne," ya miƙa wa na gaba kamar garwashi. Gajere ya fi kowa daɗewa yana kallo, bai ce uffan ba, shi da bakinsa ba ya hutawa. Mai hankali da ya tsargu. Baba Mudu kuwa sai ya ɗauki shirun a matsayin shaida.

"Kin ji ko? To bari in faɗa miki a gaban kowa. Ranar da na ga bambanci a warwaron nan da idona, ranar na ajiye awartaki, na bar ƙira. Ku shaida."

"Haba Baba, bai kai nan ba," in ji wani.

Amma magana zarar bunu ce. Malama ta miƙe, idonta ya ciko, ta ce, "Ni ba gardama na zo yi ba. Ba zan iya sa shi haka ba, duk na duba sai in ga ba na Innata ba ne. Ku riƙe shi har ku gani." Ta rubuta lambar wayarta a jikin takardar ta fita. Ya jefa warwaro a aljihun tebur ya tura da ƙarfi.

A gaskiya alamu sun daɗe suna zuwa, shi ne dai yake ɗora wa wasu laifi. Ya yi faɗa da mai wanki ya ce fararen rigunansa suna dawowa kamar an jiƙa su a shayi. Ya ce ƙwan lantarkin zamanin nan duk na bogi ne, ba sa haske. Ya ce hatta takarda an daina yin fara. Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta haɗa ɗaya da ɗaya. Ta san in ta ce idonsa ne gidan ba zai zaunu ba, don haka ta ce tabaransa ya karce, ta samo inda ake ba da sabo, ya raka ta kawai a auna.

Likitar idon da ke wurin ta haska masa fitila a ido ta daɗe, sannan ta ce, "Baba, yanar ido ce, duka biyun. Ta yi kauri, ta yi duhu kamar ruwan shayi. Ta cikinta kuke kallon duniya."

"Ni nake gaya wa mutane launi, 'yar nan. Shekara arba'in."

"Ban musa ba. Amma a hankali take zuwa, mai ita ba ya sani. Za mu yi wa na dama aiki, mu cire yanar mu sa 'yar roba a gurbinta, in ya warke mu yi na hagu."

Ya yi tirjiya, Auta ta yi kuka, mai ɗakinsa ta ce in bai je ba ita ma ta daina shan maganin hawan jininta. Ya je.

Da safen da aka cire masa bandeji, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wa ya wanke duniya?" Rigar likita fara ce har tana cizon ido. Sararin da ke bayan taga shuɗi ne irin wanda rabonsa da shi tun yana haɗa fenti. Ya rufe na dama ya buɗe na hagu, sai komai ya koma rawaya-rawaya, dishi-dishi, duniyar da ya saba. Ya sake sauyawa, ta sake wankuwa. Har suka isa gida yana ƙifta ido ɗaya bayan ɗaya a mota, wata mata da ke kusa da shi ta matsa ta ja jakarta.

Kwanakin hutun da aka ba shi, gidan bai huta ba. Tsoro bai zo masa da wuri ba, mamaki ne ya fara zuwa, kuma ya ji daɗinsa kamar yaro da sabon madubi. Ya gano bangon ɗakinsa fari ne, shi da yake yabon launinsa na ruwan madara. Ya gano wutar gas ɗin kicin shuɗiya ce shar. Ya sa aka jera masa kofi, da sabulu, da ƙwai, da cokali, yana duba kowanne da ido biyu yana ba da rahoto. Ya dubi mai ɗakinsa ya daɗe.

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Ranar da na aure ka ta fara."

Da ya koma a duba shi ya tare likita da tambayar da ta hana shi sakat. "Tsakanin biyun wanne ke faɗin gaskiya? Don na hagun nan na Allah ne, tsantsa. Na daman kun sa masa roba, gami ne."

Ta yi dariya har da riƙe tebur. "Na daman, Baba. Abin da yake gani shi jikokinku ke gani."

Bai yi dariya ba. A nan ne aljihun teburin ya faɗo masa a rai.

Ya koma shago, ya yi kwana uku yana share-share. Ya wanke kwalabe, ya jera guduma, har kujerar baƙi ya sa wa katako a ƙafa. Aljihun nan kuwa ko kallonsa ba ya yi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kwantar da shi za a yanka masa ido. A rana ta huɗu da hantsi ya ja aljihun, ya warware takarda, ya je bakin ƙofa. Da na hagu ya fara dubawa, don ya san shi ne abokinsa. Warwaro sumul, launi ɗaya. Ya ja numfashi, ya rufe shi, ya buɗe na dama.

Gani ya kori ji. Ga shi nan, daga nan zuwa nan, koɗaɗɗe fayau a tsakiyar jan zinarin tsohuwa, kamar an ɗinke baƙar riga da farin zare. Ba sai maƙeri ba, ɗan makaranta ma zai nuna shi daga tsallaken titi. Faci ne. Ya laluba duk kalmomin sana'arsa bai sami wadda ta fi ta dacewa ba.

Ya goga tsohon a dutse, ya goga sabon, ya ɗiga ruwan sha takwas. Duka zanen biyu suka tsaya, ba wanda ruwan ya cinye. Bai cuci kowa ko ƙwayar zarra ba, karat ɗin cif yake. Azurfa ce ta yi yawa a gamin, yanar ta shafe masa bambancin. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai na minti ɗaya, sai wata tambaya ta taso ta fi ta farko zafi. In idon ya daɗe da lalacewa, ina sauran facin? Me ya sa sai ita kaɗai ta dawo?

Ya zagaya ya shiga shagon Gajere, abin da bai saba ba, ya ajiye warwaron kusa da injin goge.

"Tun yaushe?"

Gajere ya kashe injin. Ya goge hannu a tsumma, ya sake gogewa, ko da yake babu abin da ya rage a hannun.

"Shekara huɗu. Da farko ɗan kaɗan ne."

"Kuma kaya suna fita launi ɗaya."

Idon Gajere ya tafi kan baho ya dawo. Baba Mudu ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. Shekara huɗu yana tsayawa a taga yana zagin bahon munafukai, ashe bahon ne ke rufa masa asiri. Shekara huɗu matan garin nan suna yawo da aikinsa an shafa masa hoda.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Na gwada. Ka tuna 'yan kunnen matar mai kanti, da na ce kamar sun ɗan koɗe? Ka ce in je in wanke idona da sabulun goge. Wa zai gaya wa mudu bai cika ba?" Muryarsa ta sauka. "Ni dai na ga in aka sani, ka mutu a tsaye. Ban iya ba."

Baba Mudu ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Kunya ce ta zo, da wani abu mai kama da godiya wanda ya fi kunyar ciwo.

"Yanzu ga shawara," in ji Gajere. "Ido ya dawo. Ka cire wurin ka sake zubawa, ka kira ta ka ce ka ƙara gogewa ne. Mutanen layi ba mai tayar da maganar rantsuwa, ni na sani. Magana ce ta fushi."

"A yi wa maganar ma shafe ke nan."

"To ka bar ƙira ka zauna a gida, matarka ta kashe ka ko ka kashe ta?"

Ya koma shagonsa ya daɗe yana kallon awartakin nan da hannunsa ya cinye wa mariƙi. Shawarar Gajere mai daɗi ce, kuma ba wanda zai sani. Sai dai shi ya sani, da ido ɗaya da rabi. Ya ɗauki waya ya kira lambar da ke jikin takardar.

Washegari da hantsi ta zo. Ya sake kiran mutanen layi, su shidan nan, suka tsaya cirko-cirko kowa na kallon takalminsa. Ya ɗaga warwaron yadda ya yi rannan.

"Malama, facin ya fito. Kin faɗi gaskiya, na ƙaryata ki a gaban mutane, ga shi kina cikin makoki. Ki yafe min." Ya juya ga sauran. "Ku kuma Allah ya saka muku da alheri, kuma Allah ya shirye ku. Duk wadda na yi wa gyara cikin shekara huɗun nan, in shafen ya goge, laifina ne, ba na Gajere ba."

Sannan ya ɗauko awartaki, ya riƙe shi da hannu biyu, ya ajiye a tebur a gabanta.

"Na ce zan ajiye. Ga shi na ajiye."

Gajere ya juya baya yana jan hanci, wai ƙurar goge ce. Malama ta dubi awartakin, ta dubi tsohon da ido ɗaya ke sheƙi ɗaya na dishi-dishi. Ta sa hannu ta ɗauka, ta auna nauyinsa.

"Kun ba ni ke nan, Baba?"

"Na ba ki."

"To ya zama nawa. Na yafe muku, amma warwaron Innata yana nan da faci, kuma ban san wani mai gyara shi ba. Da sauran matan da kuka ambata, su ma wani zai gyara musu." Ta miƙo masa. "Aro na ba ku. Ranar da kuka gama da na ƙarshe, sai mu yi magana."

"Wannan ai wayon lissafi ne, 'yata."

"Shi na iya, Baba."

Ya karɓa, ya kunna wuta. Mutanen layi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta zauna ta ce yau ba ta da aji sai bayan azahar. Ya yanke facin, ya auna zinari kashi sha takwas, ya auna gami shida, wannan karon jan ƙarfe ya rinjayi azurfa. Ya narka, ya ɗauko tukunyar da awartakin aro, ya buge ƙwayar, ya goge, ya tafi bakin ƙofa ya kara ta da tsohon.

Ya duba da na dama. A ganinsa ta yi. Har ya juya zai koma tebur kamar yadda ya saba shekara arba'in, sai ya tsaya. Ya dawo, ya miƙa mata tafin hannunsa da warwaron da ƙwayar a kai.

"Duba min, Malama. Ya yi?"

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Saura kaɗan, Baba. Na Inna ya fi ja."

Ya ce to, ya koma ya ƙara jan ƙarfe.